Yadda Na Hutar da Inna

Inna ta fi shekara ashirin tana turara wa 'yan kasuwa shinkafa, ni kuma na raba ta da sana'ar a yammaci guda, tsakanin la'asar da magariba. Na dawo gida ranar ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin hanyar ruwan da ta taso daga madatsar ruwa ta Tiga. Baƙo idan ya zo ya ga kore ko'ina a tsakiyar rani sai ya ce mun more. To, mun more, amma shi kallo ya zo yi. Ruwan da ba ya yankewa shi ya sa aikinmu ba ya yankewa. A wasu garuruwan manomi yakan gama girbi ya miƙe ƙafa a gindin bishiya ya kama rediyo. Mu kuwa ana sauke shinkafar damina ake shiga tumatir da alkama, kafin a gama kwasar tumatir an zuba irin shinkafar rani. Maza suna gona ko bakin inji, mata suna bakin murhu. Na tashi ban san wani wata da ake kira na hutu ba.

Mahaifinmu ya rasu ina aji huɗu na firamare, ya bar ni da ƙanwata da 'yar gonar da ba ta isa ta riƙe gida ba. Abin da ya riƙe mu shi ne rabin duro guda biyu da ke girke a tsakar gida, da hannun Inna.

'Yan kasuwa sukan sayi shanshera, wato shinkafar da ke cikin ƙaiƙayinta, su aiko da buhunan gidanmu a amalanke. Inna ta wanke, ta kwashe marar ƙwaya da ke tasowa saman ruwa, ta jiƙa sauran a ruwan zafi ta kwana. Da asuba ta tsane ta a kwando, ta juye a duro da ɗan ruwa a ƙasa, ta rufe da buhu, ta hura wuta. Daga nan sai shanya a kan tamfol, ana bi ana juyawa da ƙafa cikin rana, in ta bushe a kai inji a cashe. Wannan kowace mace a unguwarmu ta san shi. Abin da ba kowa ta sani ba shi ne lokacin janye wuta, da lokacin ɗauke shanya daga rana a ƙarasa ta a inuwa. A wuce kaɗan shinkafa ta yi duhu. A gaza kaɗan inji ya kakkarya ta, mai kaya ya yi asara. Inna ba ta da agogo. Sai dai ta ɗaga bakin buhu ta shaƙi tururin, ta murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu, ta ce a janye itace.

Masu inji sukan gane aikinta tun ba a faɗa musu ba. Mutum uku ne ke kawo mata kaya a kai a kai, babbansu wani Alhaji, aminin mahaifinmu, mai rumfa kusa da injinan Kura. Da kaka har jiran layi ake yi. In ta ce ba ta da wuri sai jibi, mutum ya gwammace ya jira jibin da ya kai wani gida. Amaren unguwa masu koyon sana'ar sukan shigo da 'yan ƙwayoyi a tafin hannu su ce, "Inna, duba mini, ta yi?" Ta ɗauki ɗaya ta ciza, ta ce saura rabin yini. Ba mai yawan fara'a ba ce, amma a irin wannan lokacin fuskarta takan sake.

Ni ne ɗan farinta, kuma wannan yana da hannu a abin da ya faru. A gidanmu, kamar yawancin gidajen wajen a lokacin, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta ma yarda ido ya haɗu. Ina tsaye a gabanta za ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa wancan tuwonsa yana hucewa." Ni ma in juya in ba ƙanwata amsa. Ko bayan da aka aurar da ƙanwar tawa, tun da gidanta yana bayan namu, kullum tana nan, ita ce wayar da ke tsakaninmu. Ban taɓa shakkar Inna tana ƙaunata ba. Sai dai har na yi gemu ban taɓa tambayarta abin da ke ranta ba, ban ma san ta inda ake fara irin wannan tambaya ba.

Na sami aikin koyarwa a wata sakandare can wajen Dawakin Kudu a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauye, lokacin da mutum yakan hau kan tudun hanyar ruwa yana ɗaga hannu sama don a ji shi. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa son aikin nan ba. Shi ya samu, shi na karɓa. Kullum in hau babur tun rana ba ta fito sosai ba, in isa da ƙugu a sage, in shiga aji cike maƙil da yara, na baya ba sa jina, na gaba ba sa saurarona. In yi ta zuba har maƙogwaro ya bushe, in dawo riga duk alli. Tun ranar Litinin nake jiran Juma'a. A ganina aiki wani abu ne da ake yi don dole, kuma duk mai hankali ba shi da burin da ya wuce ranar da za a ce masa ya isa haka, ya je ya zauna. Da wannan kan na dubi Inna.

Abin tausayi kuwa akwai shi. Idanunta kullum jajur, suna zubar da ruwa. Tana da tarin da ba ya barinta, in ta sunkuya ta ɗago kwando sai ta dafa ƙugu ta daɗe kafin ta miƙe. Ina ganin wannan ina jin zafi. Amma in gaskiya zan faɗa, ba tarin ne ya tura ni ba, dariya ce. Wata rana a majalisa wani abokin wasana, mai bakin da ba ya rufuwa, ya ce, "Malam, jiya na wuce ta ƙofarku na ɗauka gobara ce, ashe Inna ce har yanzu take shan hayaƙi. Shin albashin nan naka a wace tasha yake sauka?" Aka kwashe da dariya. Ni kuwa ina da saurin hawa, na san halina. Na tashi na karkaɗe riga na bar musu wurin.

A wajenmu abin alfaharin ɗa shi ne a ce ya hutar da iyayensa. Ko wa'azi aka tashi yi a kan albarka, misalin da ake fara kawowa ke nan. Na aika ƙanwata ta ce wa Inna ta ajiye aikin nan, na ɗauke mata ci da sha da sutura. Amsa ta dawo: "Ki ce masa na ji, Allah ya yi albarka." Washegari hayaƙi ya tashi kamar kullum. Bayan mako biyu na sake aikawa. Wannan karon ta ce, "Ki tambaye shi, in na zauna me zan yi?" Na ce a faɗa mata hutawa za ta yi. Ƙanwata ta ce dariya kawai ta yi ta ci gaba da juya shanya.

A nan na yi kuskuren. Na ɗauki maganarta kawaici. Na ce ai uwa ba za ta buɗe baki ta ce wa ɗan farinta, to na yarda, ka ciyar da ni ba. Ko ruwa ka miƙa wa babba a garinmu sai ya ce ya ƙoshi sau biyu kafin ya karɓa. Na ce a raina tana so, kunya ce ta hana ta, aikina ne in ɗauke mata kunyar. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa tambayar da ta yi tambaya ce ta gaske.

Ranar wata Asabar, ana saura kwanaki a fara yankan shinkafar damina, na tafi Kura wurin Alhaji. Na same shi zaune a kan buhu, ƙarar injina ta cika wurin, sai da muka koma bayan rumfa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni: daga wannan kakar kada a sake kai wa Inna kaya. Ya dube ni.

"Ita ta aiko ka?"

"A'a, Baba. Ai ka san ba za ta faɗa ba."

"To ta sani?"

"In ta sani ba za ta yarda ba. Shi ya sa na zo wurinka."

Ya cire hula ya sosa kai. "Ɗana, niyyarka mai kyau ce. Babu ɗan kirkin da zai so ganin uwarsa cikin hayaƙi. Amma matar nan fa tun kana yawo ba wando take wannan aiki. In ta aiko tana tambaya, me zan ce mata?"

"Ka ce kasuwa ce ta ja baya."

"Da kaka?"

Na ce to ya faɗi duk abin da ya ga ya dace, ni dai roƙona ɗaya, kada sunana ya fito. Ya mayar da hularsa ya ce, "Shi ke nan. Uwarka ce, ba zan fi ka iko da ita ba." Ya yi alkawarin zai yi wa sauran biyun magana. Kafin a kira magariba na iso gida.

Inna ta shirya wa kakar nan kamar yadda ta saba. Ta sa an jibge mata itace a jikin katanga, ta ɗinke inda tamfol ya yage, ta kankare duro. Aka fara yanka, amalanke suka fara zirga-zirga a layinmu. Da safe in zan fita nakan bar ta zaune a kujera 'yar tsugunno, fuskarta tana kallon zaure. Amalanke ta taho tana ƙara, ta zo daidai ƙofarmu, ta wuce, ta tsaya gida biyu gaba. Daga tsakar gidanmu ana jin faɗuwar buhunan, tim, tim. Makon farko ta ce wa ƙanwata wataƙila bana Alhaji bai fara saye da wuri ba. Mako na biyu ta aike ta ta gaishe shi, aka ce mata bana ya rage hannu. Amma buhunan Alhaji suna da shaidar jan fenti a wuya, duk unguwa an san su, kuma su ne ake saukewa a maƙwabta.

Ni kuwa na duƙufa ga cika alkawari. Na kawo hatsi da mai da sabulu, na sayo mata katifa da rediyo da maganin ɗigawa a ido. Cikin wata biyu jan idon ya washe, tarin ya yi sauƙi. A majalisa aka shiga nuna ni ana cewa ga ɗa. Har abokin wasan nan nawa ya ce ya janye maganarsa. Na sha yabo har na ƙoshi, kuma duk abin da na kawo sai saƙo ya dawo cewa Allah ya yi albarka.

Sai dai ba ta daina tashi da asuba ba. Ta yi salla, ta share tsakar gida, ta zauna, ta tashi ta sake share inda ta share. Itacen nan ta hana a taɓa shi ko da na girkin tuwo. Rediyon yana nan a ledarsa. Ta rage zuwa biki da suna, ta ce ƙafa ke damunta. Ina lura da duk wannan da safe da yamma, in ce sabo ne, zai wuce. Ni kaina a gajiye nake shigowa, ba na son abin da zai hana ni miƙe baya.

Wata rana ana jarrabawa na dawo da wuri, na tarar da 'yar tukunya a kan murhu da ɗan shanya a kan tabarma. Ashe ta daɗe tana sa ƙanwata ta auno mata shanshera kwano biyu, ta turara, ta aika inji. Tana zaune da faifai a cinya, tana ware ƙwayoyin da suka karye gefe guda, masu lafiya gefe guda. A wani ƙyalle kuma ga ɗan abin da ta sa aka roƙo mata daga maƙwabta don ta gwada da nata. Ba ta ɗago kai ba ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa wancan, tun da ya yi boko, ya duba mini. Akwai duhu a jikinta? Ko idona ne ya daina gani?"

Na karɓi faifan. Shinkafa ce doguwa, fes, sai ƙyalli take. Na ce, "Ki ce mata ba ta da aibu."

"Shi me ya sani," in ji Inna, ta karɓe faifanta.

A ranar ya kamata in yi magana. Ƙofa ce ta buɗe mini da kanta. Na shige ɗakina na kwanta rigingine ina kallon rufi, na ce gobe.

Bayan 'yan kwanaki ina ɗaure takalmi a zaure wata amarya ta shige da ƙwayoyi a tafin hannu. Na ji muryar Inna daga ciki tana cewa, "Ki kai wa wadda hannunta ke aiki, 'yar nan. Ni nawa ya mutu." Yarinyar ta fito tana waige-waige. Na ji komai, amma na tayar da babur na tafi, don na makara.

Ana tsakiyar kakar rani Alhaji ya kira ni a waya ya ce in same shi ko me nake yi. Da na isa bai bari na gama gaisuwa ba. Ya ciro wani ƙullin ƙyalle daga aljihu, ya kwance, ya zuba mini shinkafa a hannu.

"Ka san mene ne wannan? Jiya ƙanwarka ta kawo mini. Mahaifiyarku ta ce ta tuna a aikin ƙarshe da ta yi mini hadari ya taso, aka tattara shanya da sauran danshi. Ta ce in ta ɓata mini kaya ne na yi kara na ƙi faɗa, in yafe mata don Allah, kada mu tashi da shi gobe kiyama. Ta ce kuma in duba wannan in faɗa mata gaskiya, ko da sauran abin da za ta gyara." Ya ci gaba yana huci. "Na haura sittin, ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Tsohuwa tana neman gafarata a kan laifin da ba ta yi ba. Duk Kura babu mai fitar da irin wannan. Tun da na bar gidanku masu saye suke yi mini ƙorafi, na haɗiye saboda kai. Ka je ka faɗa mata. In ba za ka iya ba, ni zan je."

Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Lokacin nan sai da ya kai wata biyu, kuma ba ni da hujja ko ɗaya. Kullum a kan babur nake tsara maganar, daga makaranta har kwanar garinmu, ina isa ƙofar gida ta watse. Tsoro nake ji, kuma ban san yadda mutum zai zauna gaban matar da ba ta taɓa kiran sunansa ba ya ce mata ya cuce ta. Daga ƙarshe na kira ƙanwata zaure na faɗa mata komai, ina fatan ta ɗauke mini kamar yadda ta saba. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

"Yaya, kai ne? Kana kallonta tana tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya, kai ne?" Ta share ido da bakin mayafi. "Shekara nawa ina kai muku saƙo. Wannan kam ba zan ɗauka ba."

Da hantsin wata Asabar na shiga. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, hayaƙin maƙwabta yana tsallako katanga. Na durƙusa nesa kaɗan, na kafa ido a ƙasa, na faɗa mata. Ban tsara ba, na yi ta haɗa gaba da baya, amma na faɗa. Na ji ɓarar gyaɗar ta tsaya. Sai kuma na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, tana yi mini magana ni da kaina.

"Kai ka je?"

"Ni ne, Inna."

"Ba shinkafar ba ce?"

"Ba ita ba ce."

"Ba ta karye masa a inji ba?"

"Ko kaɗan. Ya ce duk Kura babu mai fitar da irin taki."

Ta ja bakin ɗankwalinta ta rufe fuska. Na ji tana cewa alhamdu lillahi, ta sake, ta sake. Na zo da shirin faɗa, har da shirin ta ɗaga mini hannu. Da ta yi hakan da na fi samun sauƙi. Da ta sauke ɗankwalin abin da ta ce kawai shi ne, "Kusan shekara ina neman laifina." Ta jawo kwaryar gyaɗarta, na gane an sallame ni.

Irin halina, yadda na yi gaggawar ɓatawa haka na yi gaggawar gyarawa. A yammacin na koma Kura. Alhaji ya yi murna, ya ce ai da ma jira yake. Ranar Litinin tun ban fita ba amalanke ta tsaya a ƙofarmu, aka shigo da buhuna masu jan fenti aka jera a jikin katanga kusa da itacen. Na tafi makaranta raina wasai, har yara suka ga na yi musu dariya. Da na dawo tun daga kwana nake ɗaga kai ina neman hayaƙi a saman gidanmu. Babu. Na ce wataƙila jiƙo ta yi, sai gobe. Talata ma babu. Buhunan suna nan yadda aka jera su, ko ɗinkin bakinsu ba a farke ba. Ƙanwata ta ce ta ga Inna ta je ta tsaya a kansu, ta dafa ɗaya, ta daɗe, ta koma ɗaki.

Ranar Laraba na dawo na tarar da amalanke a ƙofa, ana fitar da kayan. Na jingine babur na shiga da sauri, jaka a kafaɗa. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, ƙanwata a tsaye gefenta. Na tambayi ƙanwata lafiya, ko jikin ne. Ta ce jiki lafiya lau, Inna ce ta ce a kai wa maƙwabta. Raina ya fara tashi. Na ce ai abin da take so ke nan, ga shi na dawo mata da shi, me kuma ya rage?

Inna ba ta dube ni ba. Ta juya wajen ƙanwata, muryarta a kwance, babu fushi a ciki.

"Ki ce masa na gode. Amma da can hannuna ne ke kawo buhunan nan. Waɗannan shi ya je ya roƙo. Yanzu in na yi ya yi kyau za su ce ya yi kyau, in na ɓata ma za su ce ya yi kyau. To ta yaya zan sani?"

Ta ƙara shekara shida a duniya bayan wannan, tana cin abin da na kawo, tana sa mini albarka, ba ta sake hura wutar nan ba. A ranar dai ina tsaye a tsakar gida na waiga. Saura buhu ɗaya a jikin katanga, mai amalanke yana ta fama da shi shi kaɗai. Na ajiye jakata na kama masa.